Amsoshin Wasiƙunku: Da Wane Mudu Ake Auna Aikin Masana'antu Kowane Wata?

Wasiƙu uku da suka iso wannan fili daga Jos da kewayenta sun taɓo magana ɗaya ta fuskoki daban-daban, wato yadda hukumomin ƙididdiga ke auna abin da masana'antu suka samar, saboda haka na haɗa su wuri guda. Ta farko ce za ta ci mafi yawan filin, domin a cikin amsarta tushen sauran biyun yake.

TAMBAYA, daga wani Alhaji mai sayar da kayan gini a Bukuru: Assalamu alaikum, Malam. Ina yawan ji a rediyo ana cewa abin da masana'antun wata ƙasa suka samar a watan jiya ya ƙaru da kashi kaza, ko ya ragu da kashi kaza. Ni dai na san siminti da buhu ake lissafa shi, rodi da tan, fenti da bokiti. Ta yaya ake tara waɗannan abubuwa su zama lamba ɗaya, kuma wa ya zagaya ya ƙirga su cikin 'yan makonni? Na biyu, a shagona kuɗin da ke shigowa bana ya fi na bara, amma kayan da ke fita bai kai na bara ba. Idan haka ta faru a masana'anta, ƙaruwa za a rubuta ko raguwa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bari in fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce ƙashin bayan maganar. Raguwa za a rubuta. Ma'aunin da kake ji a rediyo yawan kaya yake bi: buhu nawa, tan nawa, lita nawa, ganga nawa. Ba ruwansa da yawan nairar da ta shiga aljihu, kuma rabin wahalar ma'aikatan ƙididdiga wajen raba waɗannan biyun take ƙarewa, musamman a ƙasa irin tamu da farashi ba ya zama wuri ɗaya.

Kafin a auna abu sai an shata iyakarsa. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da tsarin rarraba sana'o'i da yawancin ƙasashe ke bi, wanda aka fitar da gyaransa na huɗu a 2008, kuma a 2010 aka amince da shawarwari na musamman kan yadda za a haɗa wannan ma'auni. A ƙarƙashinsu kalmar masana'antu ta ƙunshi haƙar ma'adinai har da ɗanyen mai, da sarrafa kaya a ma'aikatu, da samar da wutar lantarki da iskar gas, da ruwan famfo da sarrafa shara. Noma ba ya ciki, saye da sayarwa ba ya ciki, gine-gine ma nasa lissafin daban ake yi masa. Ke nan shagonka ba ya cikin wannan ƙirga, amma simintin da ke jibge a ƙofarsa an riga an lissafa shi tun watan da aka ɗura shi a buhu a Ashaka ko Obajana ko Gboko. Kuzar da ake haƙa a nan Filato tana ɓangaren ma'adinai, wutar da ake samarwa a Kurra kuma, inda aka kafa tashar ruwa tun zamanin Turawa domin kamfanonin kuza, tana ɓangaren lantarki.

Batun wa ya zagaya ya ƙirga kuwa, babu mai ƙirga komai da komai. Ka san yadda mai sayen masara yake yi a kasuwar Katako: ba ya kwance buhu ɗari, sai ya soka ɗan ƙarfen nan mai rami a wannan buhu da wancan, ya zuba ƙwayar a tafin hannu, ya duba, ya ciza ɗaya ko biyu ya ji bushewarta, sannan ya yanke shawara a kan lodin gaba ɗaya. Haka hukumar ƙididdiga take yi, sai dai ita ba da ka take zaɓa ba. Tana riƙe da rajistar masana'antun ƙasa, ta kasa su gida-gida bisa sana'a da girma, manyan ta tambaye su duka kowane wata, matsakaita da ƙanana kuma ta zaɓi wasu su tsaya a madadin 'yan uwansu. A sana'ar siminti a Najeriya, wanda ya samu alƙaluman manyan kamfanoni uku ya kusan gama aikinsa. A sana'ar burodi ko ruwan leda, inda masu yi suka bazu a kowace unguwa, dole sai an zaɓa, kuma ingancin sakamakon yana rataye ne a kan ingancin rajistar da aka zaɓo su daga ciki. Rajistar da ke ɗauke da sunayen ma'aikatun da suka rufe tun shekara goma, ta kuma rasa waɗanda aka buɗe bara, ba za ta haifar da alƙaluma masu kyau ba komai ƙwarewar mai lissafi.

Abin da ake tambayar masana'anta ya danganta da irin kayanta. Inda kayan iri ɗaya ne, kamar siminti, ɗanyen mai, sukari, fulawa ko wutar lantarki, yawansa ake tambaya kai tsaye, kuma wannan ita ce hanya mafi tsabta. Na taɓa yin rabin yini a ɗan ofishin mai kula da sito na wata masana'antar abincin kaji da ke kan hanyar Bukuru, inda na ga asalin inda irin waɗannan alƙaluma suke fitowa. Yana da dogon littafi mai bango baƙi, kowane shafi an ja masa layi huɗu: abin da aka kwana da shi, abin da inji ya fitar, abin da aka loda wa motoci, da abin da ya rage. Da yamma, bayan an kashe inji kura ta lafa, yakan tsaya a bakin sito da biro a bayan kunne yana ƙirga jerin buhunan goma-goma, kuma ba ya rufe littafin sai abin da ke ƙasa ya yi daidai da abin da ke rubuce. Layi na biyu shi ne abin da hukumar ƙididdiga ke nema, kuma ya sha bamban da na uku. Mu ƙaddara an shiga wata da buhu 1,000 a sito, aka sayar da 8,000, aka fita watan da 3,000 a ƙasa. Abin da aka samar buhu 10,000 ne, ko da yake ciniki bai wuce 8,000 ba. A wani watan kuma inji zai iya yin mako biyu a tsaye, ciniki ya ci gaba daga abin da aka tara, mai duba rasit kawai ya ɗauka komai lafiya.

Inda kayan suka yi yawan iri, kamar magunguna, tufafi, robobi ko kayan gyaran mota, ba a iya tara su da ƙirga, domin kwalin maganin zazzaɓi da kwalbar ruwan allura ba abu ɗaya ba ne. A nan sai a karɓi darajar kayan da kuɗi, sannan a tsame hauhawar farashi daga ciki. Wannan ne ya dawo da mu shagonka. Mu ƙaddara bara ka sayar da buhu 1,000 a kan naira 10,000 kowanne, ka samu naira miliyan 10, bana kuma ka sayar da buhu 900 a kan naira 15,000, ka samu miliyan 13.5. Kuɗi ya ƙaru da kashi 35 cikin 100, farashi ya ƙaru da kashi 50, idan ka raba 135 da 150 kuma za ka samu 0.9, wato kaya ya ragu da kashi 10 cikin 100, daidai da abin da idonka ya gani. Ofishin ƙididdiga na Birtaniya da wannan hanya yake auna yawancin masana'antunsa: yana karɓar cinikinsu na wata-wata, ya raba da ma'aunin farashin bakin masana'anta. Ka lura cewa farashin bakin masana'anta na ce, ba farashin kasuwa ba, domin kuɗin mota da ribar dillali da ta mai shago ba aikin masana'anta ba ne. Duk ƙasar da ba ta da ingantaccen ma'aunin wannan farashi, to wannan hanya ta rufe mata.

Akwai kuma kayan da ba a gama su cikin wata ɗaya, kamar jirgin ruwa ko jirgin sama. Idan aka jira sai an gama, za a rubuta sifili wata da watanni sannan a wayi gari da tsalle guda. Saboda haka ake amfani da alama, mafi yawa sa'o'in da ma'aikata suka yi suna aiki. Babban bankin Amurka, wanda shi ne ke fitar da wannan ma'auni a can wajen tsakiyar kowane wata, kuma jerin alƙalumansa ya faro tun daga 1919, yana haɗa ƙirgar kaya da sa'o'in aiki. A Jamus hukumar ƙididdiga tana duba har da nisan da manyan motocin kaya suka yi a kan hanyoyin da ake biyan kuɗin wucewa, domin hakan yana nuna inda aikin masana'antu ya dosa tun kafin fom ɗin kamfanoni su dawo. Alama dai alama ce, kuma wadda ta yi aiki a wata ƙasa tana iya ɓatar da mutum a wata. Wanda ya ce zai auna masana'antun Najeriya da wutar da suka sha daga layin ƙasa zai yi kuskure babba, tunda da yawansu da janareto da dizal ko iskar gas suke tafiyar da injinansu.

To yanzu ga buhu, ga ganga, ga sa'o'i, yaya za su zama lamba ɗaya? Mataki na farko shi ne a zaɓi wata shekara a mayar da ita tushe, a ce matsakaicin abin da aka samar a wata a cikinta shi ne 100. Kowace sana'a sai a gwada ta da kanta. Idan siminti ya fi na shekarar tushe da kashi 10 cikin 100, lambarsa ta zama 110, idan fulawa ta ragu da kashi 10, tata ta zama 90. Da haka buhu da ganga suka bar hanya, kowa ya koma magana da harshe ɗaya. Mataki na biyu shi ne a ba kowace sana'a nauyinta, domin ba za a daidaita masana'antar siminti da ta ashana ba. Mu ƙaddara ƙasa tana da sana'a uku kacal, siminti mai nauyin kashi 50, fulawa 30, sabulu 20, lambobinsu kuma 110 da 90 da 100. Rabin 110 shi ne 55, kashi 30 na 90 shi ne 27, kashi 20 na 100 shi ne 20, jimilla 102. Sai a sanar cewa aikin masana'antu ya fi na shekarar tushe da kashi 2 cikin 100, ko da yake mai fulawa yana kuka. Wannan salon lissafi, na riƙe nauyin shekarar tushe a auna sauran shekaru da shi, ana jingina shi ga wani masanin tattalin arziki Bajamushe mai suna Laspeyres, wanda ya bayyana shi a 1871.

Nauyin nan ba daga yawan ciniki ake ɗauko shi ba, daga darajar da sana'ar ta ƙara ne, kuma wannan wuri ne da ya kamata a tsaya a fahimta. Gidan burodi da ya sayar da burodin naira 1,000, bayan ya kashe 700 a kan fulawa da sukari da yis da mai da itace, abin da ya ƙara wa tattalin arziki naira 300 ne. Fulawar an riga an ƙirga ta a kamfanin da ya niƙa ta, idan aka sake ƙirga ta a cikin burodi an yi awo biyu a hatsi ɗaya. A Indiya, a ma'aunin da aka gina kan shekarar kuɗi ta 2011 zuwa 2012, sarrafa kaya ya ɗauki kusan kashi 78 cikin 100 na nauyin, haƙar ma'adinai kusan 14, lantarki kusan 8. A ƙasa mai arzikin mai irin tamu rabon zai sha bamban, domin ɓangaren ma'adinai yana da ƙarfin da zai iya jan lambar gaba ɗaya ƙasa a watan da aka fasa bututu, alhali masu sarrafa abinci da siminti suna aiki ba dare ba rana. Shi ya sa nake ba kowa shawara kada ya tsaya a kan lambar da ke kan gaba, ya sauka ya duba ta ɓangaren da ya shafe shi.

Nauyi kuma yana tsufa. Matatar man Dangote da ke Lekki, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, a 2024 ta fara aiki. Duk ma'aunin da aka yanka nauyinsa kafin nan, lokacin da tace mai a cikin gida ya kusan tsayawa, zai ba wannan sana'a ɗan ƙaramin gurbi, ya kasa nuna girman abin da ya sauya. Dalili ke nan da ake so a riƙa sabunta nauyi da shekarar tushe a kai a kai.

Saura kalanda, wadda ita ce ta fi ruɗar masu sauraron rediyo. Maris ya fi Fabrairu da kwana uku a yawancin shekaru, saboda haka masana'antar da ba ta sauya komai ba za ta nuna ƙaruwar da ta haura kashi 10 cikin 100 don tsawon wata kawai. Da damina gini yana ja baya, kai ma ka san yadda cinikin siminti yake a watan Agusta. Da sanyin hunturu irin na Jos masu lemon kwalba da ruwan leda suna rage aiki. Waɗannan abubuwa ne masu dawowa kowace shekara, kuma hukumomi suna da dabarun lissafi na tsame su, domin a gane ko canjin da aka gani sabon abu ne ko kuwa halin watan ne kawai. Wanda ya fi wuya shi ne bikin da ba ya zama a wata ɗaya. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka azumi da Salla suna zagaya kalanda: a 2024 ƙaramar Salla ta faɗo a watan Afrilu, a 2025 kuma a ƙarshen Maris. Wanda ya gwada Maris da Maris, ko Afrilu da Afrilu, bai kula da wannan ba, zai ga tashi ko faɗuwar da babu ita. Ƙasar Sin tana da irin wannan matsala da bikin sabuwar shekararta, wanda ke faɗowa wani lokaci a Janairu wani lokaci a Fabrairu, sai hukumarta ta zaɓi ta riƙa haɗa watannin biyu ta fitar da su tare.

Lambar da aka fara sanarwa kuma ba ita ce ta ƙarshe ba. Ana fitar da ita ne tun wasu kamfanoni ba su dawo da fom ba, a cike gurbinsu da ƙiyasi, sannan a gyara a watannin da ke biye. Babban bankin Amurka ya fara sanar da cewa aikin masana'antu ya faɗi da kashi 11.2 cikin 100 a Afrilun 2020, lokacin kullen korona, faɗuwar wata ɗaya mafi girma a tarihin ma'aunin, daga baya kuma ya gyara lambar da ƙarin bayanai suka shigo. Gyara irin wannan ba alamar maguɗi ba ce. Ni hukumar da ba ta taɓa gyara alƙalumanta ba ita ce za ta fi sa ni shakka.

A nan gida, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ke Abuja, wadda ke aiki a ƙarƙashin dokar ƙididdiga ta 2007, alƙaluman masana'antu da jaridu ke ɗaukowa daga gare ta suna cikin rahoton jimillar arzikin ƙasa ne, wanda ke fitowa bayan kowane wata uku. A ciki an kasa sarrafa kaya gida 13, daga tace mai da siminti, da abinci da abin sha da taba, da saƙa da tufafi da takalma, har zuwa ƙarafa da harhaɗa motoci. A 2014 hukumar ta ɗaga shekarar tushe daga 1990 zuwa 2010, a 2025 kuma ta mayar da ita 2019. Abin da ke fitowa wata-wata ya haɗa da yawan ɗanyen man da aka haƙo, wanda hukumar kula da haƙar mai ke wallafawa, da ma'aunin ra'ayin manajoji da za mu zo kansa yanzu. A ganina Najeriya ta isa ta riƙa samun cikakken ma'aunin wata-wata mai fitowa a ranar da aka sani, kamar yadda Afirka ta Kudu ke fitar da na sarrafa kaya da na ma'adinai kowane wata. Kwamitin Babban Bankin Najeriya da ke yanke kuɗin ruwa yana zama ne kusan bayan kowane wata biyu, kuma hukuncinsa yana taɓa bashin da kai da masu kawo maka kaya kuke ci. Bai dace irin wannan hukunci ya dogara da labarin masana'antu da ya kwana wata huɗu ko biyar a hanya ba.

TAMBAYA, daga wata ɗaliba mai karatun tattalin arziki a Jami'ar Jos: Malam, na ga an rubuta cewa ma'aunin PMI ya kai 52 a wani wata. Shin abin da aka samar ya ƙaru da kashi 52 ne, ko da kashi 2?

AMSA: Malama, ko ɗaya daga cikin biyun ba haka ba ne, kuma ba ke kaɗai ke wannan ruɗani ba. PMI, wato ma'aunin ra'ayin manajoji da na ambata a sama, ba ya ƙirga buhu ko ganga. Manajojin da ke sayo wa kamfanoni kayan aiki ake tambaya ko abubuwa sun ƙaru, ko sun ragu, ko suna nan yadda suke idan an gwada da watan jiya. Sai a ɗauki kason waɗanda suka ce an samu ƙaruwa, a haɗa da rabin kason waɗanda suka ce babu canji. Idan cikin manajoji 100 mutum 30 suka ce ya ƙaru, 50 suka ce yana nan, 20 suka ce ya ragu, lambar ita ce 30 da 25, wato 55. Da kowa zai ce babu canji da an samu 50 cif, shi ya sa 50 ta zama kan iyaka: sama da ita masu ganin ƙaruwa sun rinjayi masu ganin raguwa, ƙasa da ita kuma akasin haka. Lambar da ake sanarwa haɗin tambayoyi biyar ce, wato sabbin odar kaya, da abin da aka samar, da ɗaukar ma'aikata, da saurin isowar kayan aiki, da abin da ke sito. A Najeriya Babban Banki yana fitar da nasa, bankin Stanbic IBTC ma yana ɗaukar nauyin wani da kamfanin S&P Global ke haɗawa.

Amfaninsa sauri ne, domin yana fitowa da zarar wata ya ƙare. Rauninsa kuma shi ne yana nuna yawan masu cewa an ƙaru, ba ya nuna girman ƙaruwar. Kamfanin da ya ƙara buhu goma da wanda ya ninka aikinsa amsa ɗaya suke bayarwa. Idan za ki yi amfani da shi a rubutunki na makaranta, ki kira shi ma'aunin alkibla, kuma kada ki sa shi a jadawali ɗaya da alƙaluman yawan kaya kamar jinsinsu ɗaya.

TAMBAYA, daga wata Hajiya mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a unguwar Gangare: Malam, ni da mata shida muke aiki a gida, muna kai gyaɗa inji, mu matse mai, mu soya ƙuli. Shin irinmu muna cikin wannan lissafi? An taɓa zuwa da takarda ana tambayar yawan abin da muke yi, maigidana ya ce kada in amsa, masu haraji ne.

AMSA: Hajiya, a ma'anar ƙididdiga abin da kuke yi sarrafa kaya ne sosai, gida ɗaya kuke da manyan kamfanonin mai na girki, domin kun ɗauki gyaɗa kun mayar da ita wani abu dabam mai ƙarin daraja. Sai dai a lissafin wata-wata da wuya a iso gare ku, kuma ba a Najeriya kaɗai haka take ba. Ƙasar Sin tana sa kamfani a lissafinta na wata ne idan cinikinsa na shekara ya kai yuwan miliyan 20, Jamus kuma ma'aikatu masu mutum 50 zuwa sama take tambaya kowane wata. A waɗancan ƙasashe abin da aka bari a baya kaɗan ne. A wurinmu kuwa masu injin niƙa, da maƙera, da teloli, da masu buga bulo, da masu walda irin na Dilimi, da masu wanke kuza da hannu, da mata irinku, su ne ke riƙe da babban kaso na aikin, kuma hanyar da ake gano girmanku ita ce ƙidayar wuraren sana'a da binciken gida-gida da ake yi jefi-jefi. Abin da aka samu a irin wannan bincike shi ake ɗora ƙiyasin shekarun da ke biye a kansa. Idan an raina ku a ranar ƙidaya, rainin zai bi ku shekara da shekaru, kuma duk mai tsara rance ko wuta ko hanya zai duba takarda ya ga kamar ba ku da yawa.

Tsoron da maigida ya nuna ba baƙon abu ba ne. Na san mai wata ƙaramar masana'antar roba da ya ajiye fom ɗin ƙididdiga a aljihun tebur wata uku, da aka matsa masa kuma ya rubuta rabin abin da yake samarwa, yana ganin ya tsare kansa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin shi ne kuma ke yawan kukan cewa gwamnati ba ta san da zaman masu sana'arsa ba. Ƙa'idar aikin ƙididdiga, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita, dokar ƙididdiga ta Najeriya ma ta tanada, ita ce bayanin mutum ɗaya ko kamfani ɗaya sirri ne, ana amfani da shi ne don lissafi kawai, kuma jimilla ake wallafawa ba sunan kowa ba. Hukumar ƙididdiga dabam, hukumar haraji dabam.

Duk da haka taka-tsantsan yana da wurinsa, tunda ba kowane mai riƙe da takarda ne ma'aikacin hukuma ba. Idan an sake zuwa, ki sa a nuna miki katin shaidar aiki, ki tambayi sunan binciken da hukumar da ta aiko, in da hali a tabbatar ta wurin mai unguwa, kuma kada ki ba kowa kuɗi ko lambar asusun banki, domin ma'aikacin ƙididdiga ba ya karɓar ko ɗaya. Kafin nan ki samu littafi ki ba ɗaya daga cikin yaran gida ya riƙa rubuta miki abu huɗu kowace rana: mudun gyaɗar da aka kai inji, da kuɗin da aka kashe a kan gyaɗa da niƙa da itace, da galan ɗin man da aka samu, da ƙulin da aka soya. Daga wannan littafi za ki amsa kowace tambayar da ke cikin takardarsu, kuma a ƙarshen wata ke ma za ki ga ko man da kuka matse ya fi na watan jiya ko kuwa farashinsa ne kawai ya tashi.